Marar Tuwo Daga Jirgin Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗora tukunyata ta farko a gidan miji ba, ko da kuwa zan kai shekarun kakata. Abin bai daɗe da faruwa ba, shi ya sa har yanzu idan na ji an yi sallama da muryar dattijo a ƙofar gida sai in nemi wurin ɓuya.

Ni 'yar Tsafe ce, can aka haife ni, can na gama sakandare. Tun ina ƙarama an san ni da tsoro. Ina tsoron ƙadangare, ina tsoron tsallaka kwalta, ina tsoron malaminmu na lissafi har bayan ya yi ritaya ya koma sayar da taki. Idan aka kira sunana da ƙarfi, kafin in amsa sai na fara laluben laifin da na yi. To irin wannan baiwar Allah ce aure ya ɗauko ya kai Damba, cikin Gusau, gidan wani Alhaji mai sayar da takalma.

Mijina, Yaya Bashir, babu abin da zan ce da shi sai alheri, muna son juna aka yi. Mahaifinsa ne abin tsoron, wanda kowa a gidan ke kira Baba Alhaji. Ba mafaɗaci ba ne, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ƙyanƙyami ne da shi irin wanda ban taɓa gani ba. Ba ya cin abincin biki, ba ya cin tuwon da aka ƙulle a leda, kofinsa daban, cokalinsa daban. Shagonsa na cikin kasuwa, sau-ciki na maza yake sayarwa, kuma an ce ko ƙura ba ta kwana a kan takalmi ɗaya.

A gidan akwai wata al'ada. Amarya ba ta taɓa tukunya a makonta na farko, daga sashen Hajiya, uwar mijina, ake aiko mata da abinci. Ranar da za ta fara girki kuwa tuwo za ta yi, ita kaɗai, babu mai kama mata ko da daka yaji, a kai wa Baba Alhaji bayan Azahar. Idan ya ci har ya nemi ƙari, to ta shiga gidan da ƙafar dama. Idan kuwa ya rufe kwanon, ya rufe ke nan.

Anti Rabi, matar wan mijina, ita ta zaunar da ni ta yi mini bayani, tana ɓare gyaɗa tana jefawa a baki.

"Amarya, ki buɗe idonki da kyau. Ni ranar tawa wani ɗan zaren soson ƙarfe ya tsinta a miya, bai fi gashin gira ba. Ya mayar da murfi ya ce Allah ya yi albarka. Ga ni yau da yara har sun shiga makaranta, kulata yadda ta tafi haka take dawowa, ko buɗe ta ba ya yi."

Tana faɗa tana dariya.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane yadda aka yi. Ina da kawu, Kawu Sani, ƙanin Innarmu. Ya bar Tsafe tun ina firamare, ya tafi Legas neman kuɗi, daga nan Allah ya haɗa shi da aiki a wani katafaren jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, irin wanda aka ce otal ne guda yake tafiya a kan teku. Aikinsa gyaran ɗakunan fasinjoji. Idan jirgin ya luma cikin ruwa sai a yi wata da watanni wayarsa ba ta shiga. Bai samu zuwa bikina ba, amma ya ba wani abokinsa saƙo ya kawo: atamfa, turare, sai wata doguwar jakar yadi mai hoton jirgi a jiki.

Ranar da mata suka taru a tsakar gidanmu ana haɗa kayan ɗakina aka buɗe jakar. Abu biyu ne a ciki. Na farko buroshi, bayansa katako mai santsi, gashinsa baƙi mai laushi, faɗinsa kamar tafin hannu. Na biyu wani dogon ƙarfe fari mai sheƙi, ya fi tsawon damtsena, samansa da mariƙin katako da 'yar igiyar ratayewa, ƙasansa kuma ya buɗe ya lanƙwashe kamar harshen saniya.

Aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Inna ta ce ita dai a ganinta na susar baya ne. Maƙwabciyarmu ta ce a'a, na juya waina ne. Wata ta kara shi a kunne, ban san me take sa ran ji ba. (Kada ku yi mana dariya da yawa. A gidanmu babu mai sa sau-ciki. Baba silifas ne da takalmin fata mai buɗaɗɗen baya, mu kuma sandal ɗin makaranta idan ya matse sai mu take bayansa mu ci gaba da tafiya.)

Sai Gwaggo Hanne ta miƙo hannu. Yayar Baba ce, daga Bungudu ta zo bikin, kuma tun da ta sauke farali duk wani abu da ya fito daga ƙasar waje gabanta ake kai shi ta yanke hukunci. Ta juya ƙarfen, ta ƙwanƙwasa shi a turmi, ta taɓe baki.

"Ku dai ba ku san komi ba. Mara ta. Marar kwasar tuwo ta masu kuɗi. Ba ku ga anka yi mata dogon hannu don kada tururi shi ƙone mutum ba?"

Inna ta ce, "Yaya, Turawa na cin tuwo?"

"Awo mana. Dankali suka tuƙawa, na gani cikin jirgin Makka. Tuwo na sak, miya dai ta ba su iya ba."

Buroshin kuwa ko daƙiƙa bai ɗauke ta ba. Ta ce na share rariya ne idan an gama tankaɗe. Daga nan ta waiwayo inda nake rakuɓe cikin mayafi.

"Ke ɗiyar boko, taho duba muna. Ga rubutu nan jikinta. Ba haka anka rubuta ba?"

Na karɓa na duba. Sunan jirgin ne kawai da hoton wata ƙugiya. Mata duk sun zuba mini ido, shekarun da Baba ya yi yana biyan kuɗin makaranta duk suna kallona. Ina tsoron in ce ban sani ba, ina tsoron in ƙaryata Gwaggo. Sai na ji bakina yana cewa, "Haka ne, Gwaggo." Kuma maimakon in tsaya nan, na ƙara da cewa, "Irinta ake amfani da ita a manyan otal." (Wallahi ban taɓa taka ƙofar otal ba, babba ko ƙarami.)

Aka yi guɗa. Da aka je jere, Gwaggo da kanta ta buga ƙusa a bangon kicin ɗina ta rataye marar a sama da duk ludayoyi, inda mai shigowa zai fara gani. Sai dai babu namijin da ya shiga kicin ɗin a wannan makon, ni kuma ko Anti Rabi ban bari ta leƙa ba, don ina so in ba su mamaki. Na kuwa ba su.

Ranar girki ina idar da sallar Asuba na fito. Na ɗaure kaina da ɗankwali, na ƙara wani a kai, don kada gashi ko ɗaya ya yi tunanin faɗowa. Soson ƙarfen da ke kicin ɗin na ɗauke shi na kai bayan gida na ɓoye. Na wanke tukwane, na wanke muciya, na wanke marar jirgi da ruwan zafi da toka da sabulu har ina ganin fuskata a jikinta. Na tankaɗe garin masara, na sa buroshin na share rariyar, sai ga ta fes kamar sabuwa. Na ce a raina, kai, Gwaggo ta san duniya.

Miyar busasshiyar kuɓewa na yi, da kazar gida da daddawar da Inna ta haɗo ni da ita, na zuba man shanu. Tuwo ya tuƙu babu gudaji ko ɗaya. Da na zo kwasa kuwa, abin sai wanda ya gani. Ina tsoma marar a ruwa in yanko, sai tuwon ya zame daga jikinta sumul, tururi bai ko kusanci yatsuna ba. Malmalar ta fito doguwa, mai sheƙi, da wani ɗan kwarmi mai kyau a samanta, duk girmansu ɗaya. Na jera su a kula na tsaya ina kallo kamar in ɗauke su hoto. (Na ɗauka ma. Na goge daga baya.)

Yaya Bashir ya dawo daga masallaci ya ɗauki abincin ya nufi falon mahaifinsa. Ni kuma na zauna a bayan ƙofa, duk addu'ar da na iya sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Can sai ga shi ya dawo yana murmushi, kular a hannu.

"Amarya, Baba ya ce a ƙaro."

Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na ƙara masa malmala. Na fara shirya yadda zan kira Inna in gaya mata. Ban kai ga ɗaukar wayar ba ya sake leƙowa.

"Baba na kiranki."

Na ja mayafi na bi shi. Na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Baba Alhaji na zaune a kan darduma cikin shadda mai duhun shuɗi, kular a gabansa, Hajiya na gefe a kan kujera. Ta wutsiyar ido na hango Anti Rabi ta laɓe a jikin labule, ta zo ganin yadda za ta kaya.

"Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Tuwo ya yi, miya ta yi."

"Amin, Baba."

"Abu guda nike mamaki. Wagga malmala taki, ban taɓa ganin irinta ba. Hajiya, duba kwarmin nan, kamar dunduniyar mutum. Da mi kinka kwashe ta?"

To, jama'a, a nan ne Allah ya ba ni ƙofar tsira a buɗe. Da na ce "da mara, Baba," na ƙara sunkuyar da kai kamar kowace amarya mai kunya, da magana ta ƙare. Amma yabo ya riga ya hau mini kai. Ni da ba na iya haɗa ido da mai sayar da tumatir, sai ga ni na gyara murya.

"Baba, ai wata mara ce ta musamman. Daga ƙasar waje take. Kawuna da ke aiki a jirgin ruwa ya aiko mini, irin ta manyan otal ce."

"Ikon Allah. Ɗauko mu gani."

Na tashi har ina tuntuɓe. Na ɗauraye ta, na goge, na ɗora a kan farantin tangaran, na rufe da kyalle mai ado. Sannan, ba tare da kowa ya tambaye ni ba, na ɗauko buroshin na ɗora a gefe, don a san kayan nawa saiti ne. Na dawo na durƙusa, na miƙa da hannu biyu, na yaye kyallen.

Abin da na fara ji shi ne muryar Yaya Bashir, can ƙasa-ƙasa: "Innalillahi."

Baba Alhaji ya riga ya yanko loma, tana tsakanin kula da bakinsa. Nan ta tsaya. A hankali ya mayar da ita inda ta fito. Ya wanke hannu, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki marar ta mariƙinta ya daɗe yana kallo. Ni kuwa ina durƙushe ina jiran kashi na biyu na yabo.

"Bashiru, miƙo mini baƙin sau-cikina nan bakin ƙofa."

Aka miƙo. Ya miƙe tsaye, ya zura yatsun ƙafarsa a takalmin, ya saka marata ta baya, tsakanin dunduniyarsa da bakin takalmin. Ya ɗan danna. Ƙafar ta shige suɓul. Ya zare ƙarfen, ya yi wa ɗayar ƙafar haka. Ita ma suɓul.

"Kun gani," in ji shi, kamar yana magana da mai saye a shago, "ko duƙawa ban yi ba."

Daga bayan labule aka ji wata irin ƙara kamar an taka kaza, sai kuma gudun silifas. Anti Rabi ce ta kasa riƙewa.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na kalli ƙarfen, na kalli dunduniyar Baba Alhaji, na kalli kwarmin da ke kan malmalata. Girmansu ɗaya. Kunnuwana suka toshe, gumi ya jiƙa ɗankwalaye biyun nan. Na roƙi ƙasa ta tsage, amma falon tayil ne.

Hajiya, Allah ya saka mata da alheri, ta yi ƙoƙarin ceto ni.

"Alhaji, ai ba wani abu ba ne. Ƙarfe ne dai. In sabo ne bai taɓa ƙafar kowa ba kafin tuwon, da shi da ludayi duk ɗaya."

Ya juyo gare ni. "Sabo na, ɗiyata?"

Kuna tsammanin na yi hankali zuwa lokacin? Ina! Na ce, "Sabo ne fil, Baba."

Yaya Bashir, shi ma da niyyar taimako, ya ce bari a kira Kawu ya tabbatar don hankalin Baba ya kwanta. Na san abin da ya lissafa: wayar ba za ta shiga ba, a ce sai wani lokaci, magana ta bi iska. Ni ma na miƙa masa lambar da ƙwarin gwiwa. Wayar da aka yi bikina kaf ana nema ba ta shiga ba, ranar nan bugu ɗaya ta shige. Ashe jirginsu ya tsaya a wata tasha. Yaya Bashir ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

"Ango! Ina amaryarmu? Kun ga saƙona kuwa?"

"Mun gani, Kawu, an gode. Dama tambaya ce, wannan dogon ƙarfen, sabo ne ko?"

"Sabo? Haba, wane irin sabo! Ai sababbin da ake kawowa yanzu roba ne, kwana kaɗan sun karye. Wannan na asali ne. Ya yi shekaru a ɗayan ɗakunan da nake gyarawa, da aka canza kayan ɗakunan ne aka bar mana tsofaffin."

Yaya Bashir ya kai yatsa zai kashe. Baba Alhaji ya ɗaga masa hannu.

Kawu kuwa ya samu masu sauraro. Ya ce kowane ɗaki a jirgin akwai abin sa takalmin nan da buroshi rataye a cikin kabad, kuma kada mu raina su, sun fi talabijin ɗin ɗakin amfani. Yawancin fasinjojin tsofaffi ne, ba sa iya sunkuyawa, ga ɗakin a matse, ga jirgi na ɗan lilo, wanda ya duƙa zai iya kifawa. Ga ƙafa na kumbura saboda zama da yawan ci. Da yamma kuma dole kowa ya sa kwat da sau-ciki kafin ya shiga wurin cin abinci, kwat ɗin ya daɗe a akwati ya kwashi zare da gashi, sai an bi shi da buroshi. Idan aka manta ba a ajiye su a ɗaki ba, har ƙara suke kaiwa.

"Akwai wani tsoho da ya yi wata guda a ɗakin," in ji Kawu, yana dariya, "ƙafarsa kamar doya, ga faso a dunduniya kamar gonar da ta shekara ba ruwa. Kullum sai ya ce mini ƙarfen nan ne abokin tafiyarsa. Ƙafafun da suka bi ta kansa, Ango, Allah kaɗai ya san adadinsu, ƙarfen ko lanƙwasa bai ƙara ba. Da na ji gidan masu takalma za a kai amaryarmu, na ce to ga abin da surukinta zai yaba. Ta ba Alhajin kuwa?"

Ashe ma ƙarfen ba nawa ba ne, na Baba Alhaji ne.

"Kuna jina? Na ce Alhaji ya ji daɗinsa?"

Baba Alhaji ya matso da bakinsa kusa da wayar.

"Na ji daɗinshi, Malam Sani. Har ƙari na nema."

Aka yi sallama. Ina jin Baba Alhaji ya so ya sauya magana ne don ya rage mini nauyi, domin sai ya sunkuya ya ɗauki buroshin.

"Wanga dai na san ban ci da shi ba. Na tuhwahi na, ɗiyata, kin gani, haka aka yi."

Na yunƙura in hana shi, amma na makara. Ya goga shi a kafaɗar shaddarsa, daga sama zuwa ƙirji. Wani farin layi ya bi bayansa. Ya tsaya, ya sake gogawa don ya share, layin ya zama titi. Ya buga bayan buroshin a tafin hannunsa, garin masara ya tashi buɗuɗu ya rufe masa gemu. Ya yi atishawa.

"Rariya, Baba," na ce. Ita ce kalmar da ta iya fitowa.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, na dai tsinci kaina a ɗakina na danna sakata, takalmina ƙafa ɗaya na can falo. Na kira Inna ina kuka, na ce a turo a ɗauke ni, aurena ya mutu tun bai yi rarrafe ba. Da ƙyar ta gane abin da nake faɗa. Da ta gane kuwa sai na ji wayar ta faɗi ƙasa, ina jiyo ta daga nesa tana dariya tana kiran maƙwabciya. Na kira Gwaggo Hanne a Bungudu don in samu wanda za mu raba laifin. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "To ya kwashe tuwon ko bai kwashe ba?"

Kwanakin da suka biyo baya ban leƙa tsakar gida ba sai na tabbata Baba Alhaji ya tafi kasuwa. Bai aiko da faɗa ba, bai aiko da komai ba, kuma shirun nan ya fi duka ciwo. Yaya Bashir yana ta lallashina, amma da ya fara "ai ba komai" sai kafaɗunsa su fara rawa, ya fita waje ya gama dariyarsa ya dawo. Na riga na sallama cewa ni da Anti Rabi mun zama ƙungiya.

Da girki ya sake zagayowa kaina, Hajiya ta shigo da kanta ta ajiye mini wani ƙullin leda. Na buɗe, mara ce ta ɓarin ƙwarya, irin wadda kakata ke amfani da ita.

"Alhaji ya sayo a kasuwa. Ya ce a yi tuwo."

Na yi. Na kwashe shi ƙulu-ƙulu kamar na kowa. Aka kai, aka sake cewa ina kira. Na je na durƙusa a wurin da na durƙusa rannan. Ya buɗe kular ya daɗe yana duba malmalar ta kowane gefe.

"Wagga ba ta kai waccan kyau ba," in ji shi. "Amma ita za mu ci."

Ya yi bisimilla ya kai loma. Ya ƙara. Sai da ya ci rabi sannan ya ɗago.

"Na yi ta jiran cikina shi murɗa, ɗiyata. Ƙafafun duniya kaf sun bi ta kan abin ga, na ci, na ƙara, ko gyatsa mai tsami ban yi ba. Ko dai kin iya wanki ƙwarai, ko dai ni na daɗe ina wahal da kaina. Ban gama yanke hukunci ba. Kafin nan, a ƙaro miya."

Haka kulata ta dawo wayam, kuma har yau haka take dawowa. Anti Rabi ta ce duniya babu adalci: ita ɗan zaren soso, ni dunduniyar Turawa, amma ni aka yafe wa.

Sai dai kada ku ɗauka na tsira kyauta. Ƙarfen yana can shago rataye, Baba Alhaji ya ce maganin ciwon bayansa ne, buroshin ma an wanke shi yana aikin da aka yi shi dominsa. Duk wanda ya zo gwada takalmi da shi ake sa masa, kuma kafin ƙafa ta biyu ta shiga ya ji labarin daga farko har ƙarshe, har da atishawar. Layin 'yan takalma kaf sun sani. Rannan na shiga Keke Napep daga asibiti, na ce Damba gidan Alhaji mai takalma, direban ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Allah ya sa dai ba ke ce mai tuwon ba." Na ce masa facalata ce. (Anti Rabi, ki yafe ni.)

Makon jiya wani saƙon Kawu ya iso gidanmu a Tsafe. Inna ta ce a ciki akwai wata 'yar roba shara-shara, zagayayya, bakinta da roba mai talewa, an ce daga banɗakin jirgin take. Gwaggo ta riga ta yanke hukunci daga Bungudu cewa murfin kwanon miya ne. Inna ta kira ni, ta kwatanta mini ita sosai, ta ce to ke me kika gani?

Na ja numfashi na ce, "Inna, ban sani ba."

Ashe faɗar haka ba ta kashe mutum. Na kuma roƙe ta, don girman Allah, kada a rufe abincin kowa da ita sai jirgin Kawu ya tsaya a tasha.